Yadda Malami Zai Saba da Koyarwa da Waya da Kwamfuta Cikin Zango Ɗaya

Duk malamin da ya kwana biyu a wannan aiki a Zariya ya san yadda bitar fasaha take gudana. A tara mu kwana biyu ko uku a babban ɗaki, a haska mana majigi, a nuna mana abubuwa masu ban sha'awa, a raba takardar shaida. Ranar Litinin mu koma aji mai yara saba'in, ba soket ko ɗaya a bango, mu ɗauki alli mu ɗora daga inda muka tsaya. Ba na raina bita, na ƙaru da wasu ƙwarai. Amma ɗan abin da na iya na koyarwa da na'ura, a cikin ajina na koye shi, da wayata, darasi bayan darasi. Wannan hanyar zan shimfiɗa a nan. Na tsara ta a kan zango ɗaya, da kayan da ke hannun yawancinmu: waya mai Android, ɗan data, da abokin aiki guda mai himma. Zan riƙa cewa "ka", amma da malamai mata nake magana kamar yadda nake yi da maza.

Mataki na farko: nemo darasin da ya ƙi ci

Kada ka fara da tambayar wace manhaja za ka sauke. Fara da takardun jarrabawar bara. Ɗauko su daga kabad, ka duba tambayar da yara suka fi faɗuwa a kanta, wadda kowace shekara kake bayani har muryarka ta dushe amma idanunsu na gaya maka bai shiga ba. A wurina husufin wata ne, a aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ga malamin lissafi wataƙila zanen giraf ne. Ga malamar Turanci, furucin kalmomi. Ga malamin Hausa, karin sauti da tsawon wasali, abin da kunne ke kamawa nan take amma allo ba ya iya nunawa. Ga malamin addini, yadda ake aikin Hajji daga Mina zuwa Arfa zuwa Muzdalifa, wuraren da yaro bai taɓa gani ba.

In ka lura, duk waɗannan darussa suna da abu guda: ko dai abin yana motsi, ko yana da sauti, ko yana nesa da mu, ko ya yi ƙanƙanta ido ba ya ganinsa. A nan ne na'ura take da amfani. Darasin da alli ke yi da kyau, ka bar wa alli. Ba wata riba a kwafe rubutun allo a zuba shi cikin majigi, yara su sake kwafewa.

Da ka zaɓa, rubuta jimla ɗaya a saman shirin darasinka: me yaro zai iya yi bayan minti 40 wanda bai iya ba da safe? Tawa ita ce: "Yaro zai zana rana da duniya da wata a jere yadda suke a daren husufi, ya faɗi inuwar wa ta faɗa kan wa." Duk abin da za ka sauke daga baya, da wannan jimla za ka auna shi.

Mataki na biyu: mayar da wayarka kayan aiki

Wannan aikin mako ɗaya ne, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Wayoyinmu cike suke da bidiyon biki da saƙonnin zaurukan WhatsApp da ba mu ma buɗe ba. Shiga saitin WhatsApp ka kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, sannan ka share abin da ba ka buƙata. In wayar tana karɓar memori, sayi ɗaya na aikin makaranta kaɗai, kuma ka saya a shagon da ka sani, domin jabu sun yi yawa a kasuwa, sai ka zuba kaya su ɓace.

Buɗe folda da sunan darasinka, a cikinta folda ta kowane aji, a cikin kowane aji folda ta kowane zango. Kowane fayil ka ba shi suna mai ma'ana, kamar "JS1 zango 2 mako 6 husufi". Ranar da ka tsaya gaban yara kana lalube cikin hotuna dubu kana neman bidiyo guda, za ka gane amfanin wannan. Minti biyu na lalube ya isa aji ya rikice.

Sa Hausa a allon rubutun wayarka. In Gboard kake amfani da shi, shiga saitinsa, ka je wajen harsuna, ka ƙara Hausa. Daga nan za ka samu ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba. Malami bai kamata ya tura wa iyaye ko yara rubutun da ya kasa bambanta ƙasa da kasa ba.

Sai imel. Da yawa daga cikinmu mai shagon waya ne ya buɗe mana, ba mu san kalmar sirrin ba. Gyara wannan yanzu: ka san adireshinka, ka san kalmar sirrinka, ka haɗa shi da lambar wayar da kake riƙe da ita kullum. Duk kwas ɗin da za ka shiga nan gaba da shi za ka yi rajista, kuma ta nan takardar shaidarka za ta zo.

Kayan da za ka saya biyu ne, in hali ya yi: fawa bank da ƙaramar sifika mai Bluetooth. Sifikar ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Fuskar waya yara goma ne za su gani, amma sauti aji duka zai ji. Sannan ka ɗauki al'ada guda: kafin ka shiga aji da waya, sa ta a yanayin jirgin sama. Kira ba zai katse maka darasi ba, saƙon gida ba zai faɗo a gaban yara ba, caji kuma zai daɗe.

Mataki na uku: tara kaya, ka fara da kyamararka

Kafin ka ƙona data wajen neman hotunan ƙasashen waje, duba garin da kake ciki. Malamin labarin ƙasa da zai koyar da duwatsu yana da dutsen Kufena a bayan gari. Mai koyar da zaizayar ƙasa ya bi gefen rafin Kubanni bayan ruwan Agusta ya ɗauki hoto, ya koma wurin a watan Janairu ya sake ɗauka. Malamin tarihi yana da ragowar ganuwa da ƙofofinta, Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, ga kuma ginin cikin tsohon Masallacin Juma'a da maginin nan Babban Gwani ya yi a ƙarni na 19. Malamar kasuwanci ta nemi izinin wani ɗan kasuwa a Sabon Gari ta naɗi muryarsa minti biyu yana bayanin yadda yake fitar da uwar kuɗi da riba. Yaro in ya ga wurin da ya sani a cikin darasi, zama yake gyarawa. Na sha ganin haka, kuma ba na jin akwai bidiyon Turai da ke yin wannan aikin.

Idan za ka ɗauki bidiyo, kwantar da wayar a kaikaice, ka sa rana a bayanka, kada ka wuce minti ɗaya ko biyu.

Abin da kyamara ba za ta iya ɗaukowa ba, shi za ka nema a intanet, kuma sharaɗin shi ne ya yi aiki ba tare da data ba bayan ka sauke. Ga waɗanda na gwada. PhET shafi ne na Jami'ar Kolorado da ke Amurka, wanda masanin kimiyya Carl Wieman ya assasa a 2002. Kyauta ne, kuma yana ɗauke da kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya da lissafi: yaro ya haɗa batir da wayar lantarki da ƙwan fitila da yatsansa, ya ga fitila ta kama, ya cire waya ɗaya ya ga ta mutu. Ana sauke kowane gwaji a matsayin fayil guda a buɗe shi ko ba intanet. Ga makarantar da ɗakin gwajinta ba kaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. GeoGebra na malaman lissafi ne: ka rubuta lissafin, layi ya fito, ka canza lamba ɗaya yara su ga layin ya karkata. Kiwix yana ba ka damar ajiye Wikipedia a waya ka karanta ba data. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, darussansa an gina su a kan manhajar karatun ƙasar nan. Sai YouTube, wanda kowa ya sani, mai ɗauke da zinariya da shara a kwando ɗaya.

Kada ka sauke su duka. Ɗaya ya ishe ka a wannan zangon, wanda ya dace da jimlar da ka rubuta. Yi saukar da dare lokacin da kamfanonin waya ke sayar da data mai rahusa, ka zaɓi ƙaramin inganci domin fuskar waya ba ta buƙatar babba. Abin da mutum ɗaya ya sauke, sauran malamai su karɓa ta Xender, ba sai kowa ya kashe kuɗinsa ba.

Tantancewa wajibi ce. Kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, sau biyu. Na farko ka duba gaskiyar bayanin, ka gwada shi da littafin da makaranta ke amfani da shi da manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara abin da ake koyarwa a makarantun ƙasar nan. Na biyu ka kalle shi da idon uba: shigar mutanen ciki, kiɗan da ke tashi, tallar da ke iya faɗowa. Abu ɗaya marar kyau ya isa iyaye su zo ofis, kuma su ne da gaskiya. In Turancin mai maganar ya yi wa yaranka sauri, kashe sautin ka yi bayanin da bakinka, da Turancin da suka saba ji, ka warware wurin da ya ɗaure da Hausa. Sau da yawa wannan ya fi sautin asali amfani.

Mataki na huɗu: darasin kansa, waya biyu da yara saba'in

Karon farko da na gwada, majigi na aro. Na shirya mako guda, na jawo wayar wuta daga ofis, yara suka zauna tsit. Bidiyo bai yi minti ɗaya ba aka ɗauke wuta. Ban tanadi komai ba bayan shi, sauran lokacin ya tafi a banza, kuma abin ya dame ni kwanaki, domin yaran sun zo da ɗoki na mayar da su hannu wofi. Tun daga ranar ba na shiga aji da darasin da ya rataya a kan wutar lantarki. Ga yadda nake koyar da husufi yanzu.

Kayan aiki: wayata da ta abokin aikina, kowace da bidiyon minti biyu a ciki; tocila biyu masu haske; ƙwallo biyu; lemun tsami biyu da aka soke da tsinke.

Minti biyar na farko ba na taɓa waya. Tambaya nake yi: wa ya taɓa ganin husufin wata? Me aka ce muku ya faru? Hannaye za su tashi. Wani ya ce rana ce ta kama wata, wani ya ba da labarin yadda yaran unguwarsu suka fita da kiɗan gwangwani, wata ta ce babanta ya tafi masallaci sallar husufi. Ina rubuta amsoshin a gefen allo, ba na dariya, ba na cewa kuskure ne. Sai in ƙara tambaya ɗaya: a wane dare na watan Musulunci ake ganinsa? In aka yi sa'a wani zai ce tsakiyar wata, lokacin da ya cika. In bar tambayar "me ya sa" a rataye.

Minti uku na gaba na raba aji ne. Rukuni shida, kowanne yara kamar goma sha biyu. Rukuni biyu su je wajen wayoyi, biyu wajen tocila a kusurwar da ta fi duhu, biyu su zauna a benci suna zana abin da suke zato. Kowane minti shida a juya. Juyi uku, minti 18, kowa ya zaga ko'ina. Wajen waya, gajeru su tsuguna a gaba, dogaye su tsaya a baya, a jingina wayar da littattafai a kan tebur, kuma yaro ɗaya tak ke da izinin taɓa ta. Ka zaɓi shugabannin rukuni tun jiya ka nuna musu aikinsu, kuma ka sa 'yan mata a cikinsu. In ba ka yi haka da gangan ba, maza za su mamaye wayar, matan su koma baya suna leƙe.

Kada ka ce musu "ku kalla" kawai. Yaro in ba a ba shi abin nema ba, launi zai kalla. Rubuta tambaya biyu a allo: me ke tsakiya lokacin da wata ya yi duhu? Inuwar wa ce ta rufe shi? A wajen tocila kuma su gwada da hannunsu: tocila rana ce, ƙwallo duniya, lemun tsami wata. Su zagaya da lemun har ya shiga inuwar ƙwallo. Bidiyo ya nuna musu, tocila ta sa sun yi da kansu, kuma a ganina tocilar ce ke dasa abin a zuciya. Gani ya kori ji, amma taɓawa ta fi gani.

Minti takwas na tattaunawa su ne zuciyar darasin. Mu koma kan amsoshin gefen allo. Yanzu su da kansu za su ce duniya ce ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa kansa, shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika. Husufin rana kuma a ƙarshen wata, lokacin da wata ya shiga tsakaninmu da rana, kamar wanda aka gani a Najeriya ranar 29 ga Maris 2006, kafin a haife su. Kusan kowace shekara akwai yaron da zai tambaya: "Malam, to me ya sa ba a yin husufi kowane wata?" Ka shirya masa. Hanyar da wata ke bi ta ɗan karkace da kusan digiri 5, saboda haka yawancin watanni yana wucewa ta sama ko ta ƙasan inuwar. Ɗauki lemun ka nuna. Wanda ya tambayi dalilin jan da wata ke yi, ka ce masa hasken rana ne ke ratsa iskar da ta lulluɓe duniya, ja ya lanƙwaso ya isa gare shi. Ina kuma gaya musu sanin yadda abin ke faruwa bai rage komai daga kasancewarsa aya ba.

Minti biyar na ƙarshe kowa ya yagi 'yar takarda ya amsa tambaya uku, ɗaya daga ciki zanen nan na jimlarka. Karɓa a bakin ƙofa. Da yamma ka ƙirga nawa suka samu daidai, ka rubuta adadin a bayan shirin darasin. In waya ta mutu a tsakiya, tocila da allo suna nan, darasi bai tsaya ba.

Game da majigi, in makarantarku tana da shi a kulle a ofis, kada ka je da ƙorafi. Je da takardun nan a hannu: "Ranka ya daɗe, ga abin da yaran suka yi da waya biyu. In aka ba ni aron majigi ranar Laraba, zan sa hannu in karɓa, in dawo da shi da kaina." Shugaban makaranta tsoron lalacewa yake ji, domin shi za a tambaya. Ka je ka gwada na'urar kwana ɗaya kafin darasi, a ɗakin da za ka yi amfani da ita, a daidai wannan lokacin, saboda hasken rana na ƙarfe sha ɗaya yana cinye hoton ƙaramin majigi sai an rufe tagogi. Lokacin hunturu ka rufe shi da ƙyalle da zarar ya huce, ƙura ce ajalinsa.

Mataki na biyar: kalli kanka, ka sa wani ya kalle ka

A nan ne ci gaban malami yake, kuma a nan ne nauyi yake. Da izinin shugaban makaranta, jingina waya a bayan aji tana fuskantar allo, ta yadda kai za ta ɗauka, yara kuwa ƙeyarsu kawai. Naɗi minti goma sha biyar. Da dare ka kalla kai kaɗai da biro a hannu. Minti nawa ka yi kana magana, minti nawa yara suka yi? Wane ɓangaren aji ka fi kallo? Da ka yi tambaya, ka jira su yi tunani ko ka amsa wa kanka? Za ka ga abubuwan da shekara goma ba wanda ya gaya maka. Zaɓi ɗaya tak ka gyara a mako mai zuwa, sannan ka share bidiyon.

Sai ka nemi abokin tafiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku ware rabin awa a mako, rana ɗaya tsayayya, a ɗakin malamai bayan an tashi. Kowa ya nuna abu guda da ya gwada, ya faɗi inda ya ƙi. Ku riƙa shiga ajin juna. Kada shekaru su hana ka zama gaban ƙaramin malami ko ɗan bautar ƙasa ka ce, "Malam, nuna mini yadda ka yi wannan." Shi ya fi ka sanin waya, kai ka fi shi sanin yadda ake riƙe aji mai yara saba'in ranar Juma'a da rana. Ku yi musaya. In kun kai uku ko huɗu, ya isa. Taro in ya yi yawa sai ya koma hira.

Mataki na shida: maki da madannai

Wajen tsakiyar zango, ɗauki aikin da ke cinye maka dare: haɗa maki. Buɗe Google Sheets ko Excel ko WPS Office a waya. Layin A sunaye, B gwajin farko, C gwaji na biyu, D jarrabawa. A gidan E2 rubuta =B2+C2+D2, sannan ka kwafe shi zuwa ƙasa har sunan ƙarshe. Jimillar kowa ta fito, kuma in ka gyara maki ɗaya ita ma ta gyaru. Daga nan kana iya jera su daga babba zuwa ƙarami cikin daƙiƙa. Ka ci gaba da riƙe rajistar takarda, waya tana faɗuwa, tana kuma ɓata.

Ka kuma koyi buga rubutu a kwamfuta da yatsu goma. Minti goma sha biyar kullum, a kwamfutar makaranta ko ta aboki ko a shagunan kwamfuta da ke Samaru da Kongo da PZ. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, jarrabawar cancanta ta TRCN, hukumar rajistar malamai, ita ma a kwamfuta ake yi. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa an cuce shi, kuma malamin da hannunsa ke rawa a kan madannai ba zai iya cire masa tsoron ba.

Mataki na bakwai: ƙirƙirarriyar basira

ChatGPT da Gemini da Meta AI da ke cikin WhatsApp sun shigo ɗakin malamai, ko mun so ko mun ƙi. Suna taimakawa wajen fitar da tambayoyin gwaji da sauƙaƙa bayani, in ka faɗa musu halin da kake ciki dalla-dalla: ajin, yawan yara, minti 40, ba wuta, ga kayan da ke hannu. In ka ce "rubuta mini shirin darasi" kawai, za su ba ka na makarantar da kowane yaro ke da kwamfuta. Sukan yi kuskure kuma su faɗe shi da cikakken ƙarfin hali, musamman a tarihinmu da lissafi mai matakai da nassin addini. Hausarsu ma sai ka bi ta da gyara. Duk abin da suka ba ka, daftari ne. Kai za ka tsaya gaban yara, sunanka ne a kan takardar. Kada kuma ka zuba musu sunayen ɗalibai da makinsu.

Amanar yara

Wannan ba mataki ba ne, sharaɗi ne da ke kan dukkan matakan. Kada ka ɗora hoton ɗalibi a Facebook ko TikTok ko sitatus ba da yardar iyayensa da ta makaranta ba, ko da don yabo ne. Hoton da ya fita ba ya dawowa, kuma 'yan mata sun fi cutuwa da wannan. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko ba doka, amana ce. In za ka buɗe zauren WhatsApp, na iyaye za ka buɗe, da sanin shugaban makaranta, a saita shi yadda masu kula kaɗai ke turawa. Yi amfani da saƙon murya da Hausa, gajere, domin ba duk iyaye ke karanta boko ba. Kada ka yi hira ta sirri da ɗalibi ko ɗaliba a waya. Kuma kada ka ba da aikin gida da sai mai babbar waya zai iya yi. Akwai gidajen da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida a kasuwa har dare. Duk abin da ka tura, ka rubuta shi a allo ma.

Mataki na takwas: tara shaida, sannan ka nemi takarda

Buɗe folda ɗaya mai sunanka. Duk darasin da ka gwada, sa shirinsa a ciki, da kayan da ka yi amfani da su, da adadin yaran da suka amsa daidai, da layi biyu kan abin da za ka canza. Ajiye kwafi a Google Drive. Wannan ita za ka buɗe wa mai duba makarantu in ya zo, ita za ka kai wajen neman ƙarin girma ko sabon aiki, kuma ta fi tarin takardun bita magana.

Bayan haka sai neman ilimi mai takarda, kuma mu a Zariya ba mu da uzurin nisa. Ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da Tsangayar Ilimi da Cibiyar Ilimi da sashen karatu daga nesa. Ga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da muka fi sani da FCE, wadda yanzu ta zama jami'ar ilimi. Ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna tun 1976, wadda aka kafa domin malamin da ke bakin aiki ya yi karatu ba tare da ya bar ajinsa ba. Google da Microsoft suna da kwasa-kwasan malamai na kyauta a intanet, da Turanci, waɗanda za ka iya bi kaɗan-kaɗan a waya. In ba ka yi rajista da TRCN ba, hukumar da aka kafa a 1993 domin rajistar malamai, sa wannan a gaba. Ka yi hattara da tallan da ke yawo a zauruka, a ce turo kuɗi a ba ka takardar ƙwarewa cikin kwana biyu. Kafin ka biya ko sisi, je ofishin makarantar da aka ambata ko shafinta na ainihi ka tambaya.

A makon ƙarshe na zango, sa tambayar darasin nan a jarrabawa, da irin nauyin ta bara. Bayan ka gama maki, ɗauko takardun bara ka ajiye su gefen na bana, ka ƙirga. In an samu ci gaba, tura foldar ga malamin da ke koyar da ɗaya ajin ya gwada a nasa. In ba a samu ba, koma kan 'yan takardun bakin ƙofa ka ga inda yaran suka ɓace: a bidiyo ne, a tocila ne, ko tambayoyin allo ne ba su fito sarai ba. Sannan ka buɗe jadawalin zango mai zuwa ka ja layi ƙarƙashin darussa biyu. Nawa na bana zagayawar jini ne da haɗa wayar lantarki, kuma na riga na sauke gwajin batir da ƙwan fitila, saura in samo tsofaffin batura da guntayen waya wajen mai gyaran rediyo a Tudun Wada.